Shafin da Ya Tafi da Ƙosai

Littafin ba shi da bango.
Yaya Mumuni ya ƙwato shi a Kejetiya
hannun mai ƙosai, tana yaga tana naɗi,
shafukan ƙarshe sun riga sun sha mai.
Abin da ya saura: yarinya kwance,
hannu bisa hannu, gashi kamar gemun masara,
ƙaya ta haɗiye ƙofa har sama.

Goggo Ladidi ba ta san baƙin boko ba,
ta dubi hoton ta ce, ai na san ta.
Ga ta nan, ga ta nanku.
Mazari ya soke ta a yatsa,
ta kwanta shekara ɗari.
Ƙuda ya yi barci a bango,
wuta ta yi barci a murhu,
mai tuƙa tuwo ta yi barci rungume da muciya.
Sai wani ya zo ya tashe ta.
Wa, Goggo?
Wannan yana cikin ƙosai, 'yar nan. Ƙurunƙus.

Shekarar da Mame Sarwa ta rasu,
maƙwabciyarmu mai gasa agada,
wata uku tana cikin sanyin asibiti
kafin su kawo ta, wata Asabar,
su shimfiɗa ta a gadon tagulla,
hoda, jan baki, zobe a kowane yatsa.
Na kutsa tsakanin zannuwa ja da baƙi,
na kama ƙafar gado ina jira.
Ganguna suna girgiza Aboabo,
na ce yanzu za ta yi atishawa.
Har fitilu suka kama, ba ta yi ba.

Namu ba ya jiran Asabar.
Goggo ta sallame asuba ta jingina,
kokonta ma bai huce ba.
Kafin azahar maza sun ɗauke ta sai Tafo.
Farin ƙyalle na gani kawai,
da makara tana karya kwana wajen famfo.
Suka ce mini ta yi barci.
Na ce to saurin me kuke yi?
In mai tashin ya zo, wa zai nuna masa?

Malam ya ce barci ƙanin mutuwa ne.
Na ce ba na son gidansu, wa da ƙani.
Kwana arba'in ina mintsinin cinyata,
ina ƙirga ɗigon kwano cikin bokiti.

Yanzu ni ke aikin dare a ɗakin mata,
gado ashirin da shida, fanka ɗaya mai rai.
Na ga wan, na ga ƙanin,
kuma na ce littafin nan ya yi mana ƙarya.
Barci ba ya da kyan gani.
Mai barci baki buɗe yake,
yawu a matashi, ƙafa a waje,
yana munshari, yana ciniki da wanda ba ya nan.
Wadda ta kwanta tsaf kamar hoto,
ni ce na jera mata hannuwan,
ni ce na ja labule.

Jiya Hasiya ta ce in ba ta labarin.
Na ba ta ƙuda, na ba ta murhu da muciya.
Ta ce wa ya tashe ta?
Na ce uwarta ce, da jijjifi,
ta daka mata duka a gindi,
tashi, famfo ya kawo ruwa, layi ya kai masallaci.
Ta yi dariya, ta bingire.

Na daɗe tsaye da takalmin aiki a hannu.
Ta yi ɗaiɗai a tabarma kamar kwaɗo,
hanci na fito, zane ya tafi gabas.
Ban gyara ta ba.